Kwamared na ranar 17 ga Afrilu

Tun da wuri, ban kama sunan kowa ba. Wanda ya ji zancen ya sosa masa wani wuri, dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Akwai wani bawan Allah a garin nan namu na Bauchi, duk ranar 17 ga Afrilu, ranar da Malam Aminu Kano ya rasu, da sassafe sai ya ɗora hoton Malam a Facebook, ya rubuta "mu ne magadanka" a ƙasa, ya jera alamar hawaye uku. Bana abin ya ci gaba, har bidiyo aka yi mana. An kame a kujerar baya ta mota mai baƙin gilashi, agogo na ƙyalli, ana ba mu tarihi: wai Malam shi kaɗai ya kafa NEPU, jam'iyyar talakawa ta zamanin Turawa, wai kuma ya yi sanata. Na saurara har ƙarshe, na ce oh, Allah Ya jiƙan maza.

Ranka ya daɗe Kwamared, ga gyara kyauta. Mutum takwas ne suka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, lokacin Malam yana koyarwa a Maru. Daga baya ya ajiye aikin gwamnati, albashi da komai, ya shigo, har ya zama shugabanta a 1953. Sanata kuwa bai taɓa yi ba. Majalisar Wakilai ya je Legas a 1959, mai wakiltar Kano ta Gabas, kuma sai da ya sha kaye a 1954 a hannun Maitama Sule kafin ya samu. Da ya faɗi bai sauya sheƙa ya koma NPC, jam'iyya mai mulkin Arewa, ba, ga shi can ne romo yake. Wani kuwa jam'iyya uku ya yi cikin shekara huɗu, kowace da sabuwar hula.

Abin da ya fi ƙona min rai, mutumin ɗan Bauchi ne, amma bai san a nan garin Malam ya fara aikin koyarwa ba, a Midil ta Bauchi, tare da Abubakar Tafawa Ɓalewa. A nan ya zauna da Malam Sa'adu Zungur suna tara 'yan boko ana muhawara, ana tambayar En'e ina kuɗin haraji ke tafiya, a zamanin da ko kallon ɗan doka ido cikin ido laifi ne. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958 bayan doguwar jinya, bai ga ranar 'yancin kai ba. Kai da ka wuce ta gaban makarantar da ke ɗauke da sunansa sau dubu, ka taɓa tambayar waye shi?

Kakana tela ne, ɗan NEPU na a-mutu. Muna yara, in ya tuɓe riga zai yi wanka muna ganin shatin bulala a gadon bayansa, layi-layi kamar kunyar gyaɗa. Laifinsa kawai ya tsaya a taron da ba a ba da izini ba. Alƙali ya ɗaure shi, aka rufe shagon, kakarmu ta koma sayar da ƙuli-ƙuli ta ciyar da gida. Bai taɓa kiran kansa Kwamared ba. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka kai ta kurkuku. Shi kuwa namu, ɗaurin da ya taɓa sha bai wuce na bel ɗin kujerar jirgin Abuja ba.

Ai tare muka faro. Shekarun baya a teburin mai shayi can wajen Wunti, shi ne mai babbar murya, yana buga benci yana cewa sai talaka ya san 'yancinsa. Mu muka haɗa masa kuɗin fosta ta farko, ni na kai wurin bugawa a kan babur ɗina, ruwa na dukana. Da Allah Ya sa ya zama ɗan jakar wani Honarabul, sai waya ta daina shiga. In ta shiga, yana mitin. Da aka kawo fom ɗin tallafin matasa, mun ga sunayen da aka liƙa: ƙanin matarsa, ɗan wansa, direbansa, da wani da ya shekara biyu da barin garin. To, Allah Ya sa albarka.

Wata dattijuwa a layinmu ta kwana uku tana zarya ƙofar gidansa da takardar magani a ƙulle a bakin zane. Rana ta uku ya fito, ya miƙa mata ɗari biyar, ya ce ta ɗan juyo ta fuskanci mai ɗaukar hoto. Da yamma muka ga hoton da rubutun "hidimar al'umma". Maganin kuwa mu muka yi karo-karo a masallaci muka saya.

Mutanen Malam da suka hau mulki a 1979, gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, haraji da jangali suka soke wa talaka. Balarabe har kujerarsa ya rasa a 1981, majalisar jihar da 'yan jam'iyyar NPN suka cika ta tsige shi. Malam da ya rasu a 1983, gidansa na Gwammaja yana nan, kowa ya je ya gani da idonsa. Magajinsa na bidiyo kuwa taliya biyu da sabulu ɗaya yake ƙulla wa mata a leda, katangar sabon gidansa ta fi hasumiyar masallacin unguwa tsayi. Yanzu kuma na ji wai shi ma majalisa yake hari, ana ta yawo gida-gida ana cewa ɗan talakawa ne.

Af, na kusa mantawa. Mai shayin nan na Wunti yana gaisuwa. Ya ce littafinsa na bashi yana nan bai ɓata ba, shafi biyu da rabi, yawanci shayi mai kauri da ƙwai uku-uku.