Dan Allah mu ajiye wayar nan ko na dare ɗaya ne

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun asuba abin nan ke cin raina, na ce bari dai in faɗa ko zan samu sauƙi.

Jiya na farka wajen ƙarfe 3 na dare, na miƙa hannu don in duba lokaci. Lokaci kawai fa. Sai na ga saƙo a guruf, na buɗe, wani ya turo bidiyon hatsarin mota, na kalla, daga nan labarin yaƙi, daga nan rigimar wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba suna ta zagin juna, ni kuma ina bi ina karantawa kamar an ɗora min. Ban ankara ba sai kiran sallah. Na tashi gabana na faɗuwa, kaina ya yi nauyi, a cikin sujjada ma wallahi hoton hatsarin nan ke dawo min. Ina sallamewa, kafin in ce astagfirullah hannuna ya riga ya kai kan waya. Nan kunya ta kama ni. Sulusin dare na ƙarshe fa, lokacin da ake amsa addu'a, Allah Ya tashe ni lafiya lau, ni kuma na ƙarar da shi a kan rigimar da babu ruwana da ita.

Kullum muna kuka, damuwa ta yi yawa, barci ba ya zuwa, zuciya ba ta da natsuwa, abu kaɗan sai faɗa. To ta ina natsuwar za ta shigo? Kafin ka yi addu'ar tashi daga barci ka riga ka ɗebo mutuwar wani, auren wani, sabuwar motar wani, zagin wani, ka jibga wa zuciyar da ko salati ba ta yi ba. 'Yar uwa kina zaune lafiya da abin da Allah Ya hore miki, minti 10 a Instagram sai ki ji ɗakinki ya yi miki ƙunci. An ce mu dubi na ƙasa da mu don kada mu raina ni'ima, mu kuma mun wuni muna leƙen na sama, wanda ma rabin abin da yake nunawa ado ne.

Kuma kada wani ya ce ai ni ina iya sarrafa kaina. Da gangan aka ƙera su TikTok da Facebook ba su da ƙarshe, kana ja sabo na fitowa, babu inda za ka kai a ce maka ya isa. Hasken waya da daddare yana rage sinadarin melatonin, wanda shi ke sanar da jiki lokacin barci ya yi, shi ya sa kake kwance jiki a mace ido a bushe. Gari ya waye ka tashi da jin haushin kowa, matarka da yaranka su ke kwasar abin da ba su suka jawo ba. Annabi (SAW) ba ya son hira bayan isha'i, mu kuwa a lokacin ne ma muke buɗe sabuwa da mutum ɗari.

Yaran ne ma suka fi ba ni tausayi. Yaro na kuka sai a manna masa waya a huta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Mu duba gidajenmu. Yaro ya zo yana "Baba kalli, Baba kalli" kana ce masa to to ba ka ko ɗago kai ba. Mahaifiyarka na maka magana kana uhm uhm, ido na kan waya. Haba!

Ba na cewa a jefar da ita ba, da ita muke sana'a, da ita muke zumunci da karatu. Amma dan Allah ka shiga saitin wayarka yanzun nan, masu iPhone akwai Screen Time, masu Android akwai Digital Wellbeing, tun 2018 aka saka su. Duba awa nawa ka yi jiya, sannan ka tambayi kanka shafi nawa na Alƙur'ani ka buɗe. Ni da na duba nawa sai da na yi shiru.

Ka kashe ƙarar saƙonnin da ba dole ba. Guruf ɗin da ba ya ƙara maka komai sai hawan jini ka fita, ba wanda zai mutu. Za ka yi sallah, bar ta a wani ɗakin. Da safe azkar tukuna.

Dan girman Allah yau ɗin nan, ana idar da isha'i a jona ta caji nesa da gado. Ni dai daga yau mai nemana bayan isha'i ya kira ni idan na gaggawa ne, in ba haka ba ya yi haƙuri sai da safe.