An ce kujerar ta mutu, sai ga wani a kanta

Sati uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, Kawu ya miƙo min wayarsa bai ce uffan ba. Talla ce aka turo masa ta WhatsApp, ana neman mai kula da sito a wani kamfani da ke Sharaɗa. Na karanta har ƙasa ban gane abin da yake nuna min ba, sai da ya ce, "Ɗan nan, kujerata ce fa."

Shekara 17 ya yi a wannan sito. Wata biyar kafin nan aka tara su, manaja ya ce kasuwa ta ja baya, dizal ya cinye riba, dole a rage mutane. Wanda ya yarda ya tafi da ƙafarsa za a ba shi kuɗin sallama da ɗan ƙari a kai. Shi Kawu har ofis aka kira shi, aka ce sashensa za a haɗe da wani, kujerar ba za ta sake zama ba. Ya yi shawara da iyalinsa, ya ga gara ya karɓi na hannu, ya sa hannu. Kuɗin ya sayi adaidaita sahu ya ba wani yaro yana kawo masa balas.

Abin da ya fi ci min rai shi ne takardar da ya sa wa hannu. Da na ce ya ɗauko, ya zaro ta daga cikin leda tare da takardun filinsa. Babu inda aka rubuta an soke kujerarsa. Cewa aka yi shi ne ya nemi ajiye aiki don raɗin kansa, ya karɓi haƙƙinsa cif, ba ya bin kamfani komai. Maganar kujera ta mutu a baki aka yi ta, kuma a ofishin ta tsaya.

A nan gizo ke saƙar. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya yi magana a kan rage ma'aikata: a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a fara da wanda ya shigo daga baya tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Amma sashen ya fassara ragin da rasa aiki na dindindin, ba da son ran ma'aikaci ba, saboda mutane sun fi ƙarfin aikin. Ka riƙe wannan: ba da son ransa ba. Ranar da ka rubuta cewa kai ka nema, ka ba lauyan kamfani sandar da zai fara dukanka da ita. Dokar kuma ba ta yanke adadin kuɗin ba, ba ta kuma sa wa'adin da kamfani zai jira kafin ya ɗauki wani ba. Manajoji da masu aikin ƙwararru ma sashe na 91 ya cire su daga waɗanda dokar ke kira ma'aikata, su madogararsu takardar ɗaukar aiki ce da yarjejeniyar ƙungiya in akwai.

Ba na cewa duk kamfanin da ya sake ɗaukar mutum maƙaryaci ne. Mu da muka ga yadda masaƙun Bompai da Challawa suka yi ta rufewa mun san wahalar masu masana'antu gaskiya ce, kuma kasuwa takan farfaɗo a sake buƙatar hannu. To amma in haka ne, me ya hana a kira wanda ya san aikin? Tallar nan ta hannun ɗan kwangila ta fito, aikin kwantiragi, albashin bai kai na Kawu ba. Ni a ganina ba kujerar ce ta yi musu yawa ba, albashin shekara 17 ne.

Na kai maganar wurin wani abokina lauya. Ya ce ƙofa ba a rufe take ruf ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin shari'ar aiki, tana da reshe a nan Kano, kuma tana duba zalunci a hulɗar aiki, har da murabus ɗin da aka tura mutum ya yi. Sai dai kotu hujja take ci. Ya tambaye ni, akwai sanarwar taron a rubuce? Akwai saƙon da aka ce an soke sashen? Wa ya ji lokacin da manaja ya faɗa? Kawu ba shi da komai sai hoton tallar da kwanan watanta. Lauyan ya ce a adana shi, a kuma nemi sauran da aka sallama tare.

Don haka mai aiki a Sharaɗa ko banki ko makarantar kuɗi, in aka kawo maka irin wannan tayi, kar ka sa hannu a ranar. Ka ce, "Yallabai, a rubuta min dalilin a jikin takardar." Ka nemi a sa cewa in kujerar ta dawo kai za a fara tuntuɓa. In suka ƙi rubutawa, ka ji amsarka. Kuma in ba ka kai shekara 50 ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 na asusunka bayan wata huɗu ba ka samu wani aiki ba. Kawu bai san da wannan ba sai a bakin lauyan.

Jiya da hantsi wayarsa ta yi ƙara muna tare. Yaron da aka ɗauka ne, wani direban kamfanin ya ba shi lamba. Ya gaishe shi cikin ladabi, ya ce, "Baba, don Allah lissafin kayan ƙaramin sito ne ya ƙi daidaita." Na yi ta yi wa Kawu alama da hannu ya kashe. Ya juya min baya, ya ce wa yaron ya buɗe littafin mai jan bango, ya duba shafin ƙarshe.