Saki ta waya ba takarda: wa zai faɗa wa mace matsayinta?

Shirun da ake yi kan sakin waya a Zamfara ya ishe ni. Miji yana wurin haƙar zinare a dajin Anka ko yana ci-rani a Legas, ransa ya ɓaci, sai ya turo murya ta WhatsApp: "Ki tafi gidanku, na sake ki." Kafin gari ya waye ya goge saƙon. Bayan wata biyu, da aka tayar da maganar ciyarwa, sai ya rantse bai furta komai ba. Takardar sakin da iyayenmu suka sani, ko da a fallen littafin ɗan makaranta aka rubuta ta, tana ɗauke da kwanan wata da adadin saki da sa hannu. Yanzu ko wannan ta gagara.

Da ka yi magana sai a ce maka takarda harkar boko ce, kai ƙara kuma tonon asiri ne. Asirin wa ake rufewa? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Aya ta 2 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce a shaidar da adilai biyu. Na san a mazhabarmu saki yana aukuwa da furuci ko babu shaida, ban musa wannan ba. Amma aukuwarsa daban, tabbatar da shi gaban alƙali daban, kuma mace ce kullum take faɗawa ramin da ke tsakani.

Ku je kotun shari'a ku gani da idonku. Mace ta zo da goyo, ta tsaya gaban teburin rajistara ta faɗi kokenta da baki, a rubuta, ta biya kuɗin shigar da ƙara, a yanki sammaci, sau da yawa ma ita za ta nemo kuɗin mashin da za a kai shi. Ranar zama alƙali zai tambaye ta: yaushe ya sake ki, saki nawa, wa ya ji? Ƙa'ida ce sananniya, hujja tana kan mai da'awa. Ba ta da takarda, muryar an goge, mijin ya musa. Ta fito ba ita ce matar aure ba, ba ita ce bazawara ba.

Kwanan watan nan ba ado ba ne. Daga shi ake lissafin idda, tsarki uku a mazhabarmu ta Malikiyya, mai ciki kuwa sai ta haihu. Shi ke nuna ko komen da mijin ke iƙirari ya faɗo cikin idda, ko tana da gado idan ya rasu, ko auren da ta ɗaura daga baya ya inganta. Mutumin da ya hana ta wannan rubutu don kawai ya riƙe igiya a aljihu yana juya ta yadda ya so, azzalumi ne, kuma dangin da ke cewa "ki yi haƙuri, 'yar mutunci ba ta zuwa kotu" suna taya shi.

Abin ya fi ciwo ga matan da 'yan bindiga suka ɗauke mazajensu, aka daina jin ɗuriyarsu. A fiƙihun Malikiyya matar wanda ya ɓace tana jiran shekara 4, kuma lissafin yana farawa ne bayan ta kai magana gaban alƙali an yi cigiya, ba daga ranar da ya ɓace ba. Duk shekarar da aka hana ta shigar da wannan takarda ta farko da sunan kunya, ta tafi a banza.

Masu cewa a hana saki gaba ɗaya sai a kotu, kamar auren rajista, ba su san mutanen da suke magana a kansu ba.

Amma Zamfara, jihar da ta riga kowa shelar Shari'a a 1999, ba ta da uzurin gaza samar da fom mai shafi ɗaya: sunan miji da mata, rana, adadin saki, shaidu biyu. A ajiye shi a kowace kotu, a wurin limamai da masu unguwa da ofisoshin Hisbah, daga Gusau har Shinkafi. A liƙa kuɗin shigar da ƙara da na sammaci a bangon kotu da Hausa da ajami. Mijin da ya ƙi cikewa kuma, Majalisar Dokokin jiha ta yanka masa tarar da zai ji a jikinsa.