Madden: wasan da masu buga shi ke zagi kuma suke saye

Duk shekara idan watan Agusta ya kama, kamfanin EA Sports yakan fitar da sabon Madden NFL, wasan bidiyon nan na ƙwallon Amurka, kuma kafin ya kwana uku a kasuwa sai ka tarar masu buga shi sun cika YouTube da Reddit da ƙorafi. Wannan ya ɗora bidiyon ɗan wasa yana ratsa jikin abokin karawarsa kamar iska, wancan ya nuna ƙwallo ta maƙale a hular wani, wani kuma ya rantse cewa daga bana ya daina saye. Amma idan aka fitar da jerin wasannin da aka fi saye a Amurka a ƙarshen shekara, da wuya ka rasa Madden a cikin na gaba-gaba. Na daɗe ina bibiyar wannan lamari, kuma ra'ayina shi ne ƙorafin masu wasan yana da tushe mai ƙarfi, sai dai abin da ya haifar da shi ya girmi duk wata matsala da suke nunawa a bidiyo, domin ya samo asali ne daga wata yarjejeniya da aka ƙulla fiye da shekara ashirin da suka wuce.

Sunan wasan na John Madden ne, mai horar da ƙungiyar Oakland Raiders wanda ya ci kofin Super Bowl a watan Janairun 1977, daga baya ya zama shahararren mai sharhin wasa a talabijin. Lokacin da Trip Hawkins, wanda ya kafa kamfanin EA, ya same shi da maganar yin wasan kwamfuta a 1984, a cikin jirgin ƙasa suka tattauna, saboda Madden ba ya hawa jirgin sama. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin ɗaukar mutum ashirin da biyu suna motsi lokaci guda, don haka aka so a rage yawan 'yan wasan kowane ɓangare, shi kuwa ya ce ba zai sa sunansa a kan abin da bai kai sha ɗaya da sha ɗaya ba, tunda wannan ba ƙwallon Amurka ba ce. Wannan tsayin daka yana cikin dalilan da suka sa wasan bai fito ba sai 1988. Na kawo wannan ne domin tsofaffin masoya wasan suna yawan tuna shi idan suna ƙorafi, kuma suna da hujjar yin haka, tunda alkawarin da aka gina sunan a kansa shi ne kwaikwayon wasan gaskiya ba tare da ha'inci ba.

Abin da ya sauya komai ya faru ne a 2004. A watan Yulin shekarar, kamfanin Sega tare da Take-Two suka fitar da ESPN NFL 2K5, wanda Visual Concepts ya ƙirƙira, suka sa masa farashin dala 19.99 a lokacin da ake sayar da Madden kusan dala hamsin. Araha kaɗai ba za ta tayar da hankalin EA ba da a ce wasan ba shi da kyau, to amma yana da kyau ƙwarai: an tsara shi tamkar kana kallon tashar ESPN, har da sharhin hutun rabin lokaci da muryar Chris Berman yana nuna muhimman abubuwan da suka faru a wasan da kai da kanka ka buga. Dole EA ta sauke farashin Madden NFL 2005 zuwa dala 29.95. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, sai aka sanar cewa EA ta ƙulla yarjejeniya da hukumar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, da kuma ƙungiyar 'yan wasanta, wadda ta ba ta ita kaɗai ikon amfani da sunayen ƙungiyoyi da filaye da 'yan wasa. Wata guda bayan haka ta ƙulla wata ta shekara goma sha biyar da ESPN. Tun daga nan ba a sake yin wani cikakken NFL 2K ba, kuma an yi ta sabunta yarjejeniyar, har da sabuntawar watan Mayun 2020.

Wanda ya taso yana zuwa gidajen buga PlayStation a garuruwanmu zai fahimci abin da ake nufi cikin sauƙi, domin mun ga yadda gasa take gyara wasa. A zamanin PES 5 da PES 6 mutane da yawa sun fi son wasan Konami a kan FIFA, duk da cewa ƙungiya irin Liverpool tana fitowa a cikinsa da sunan Merseyside Red saboda rashin lasisi. Wannan matsin ne ya sa EA ta koma ta sake gina FIFA har ta ƙwato kasuwa. A ƙwallon Amurka an gwada bin hanyar PES, inda 2K, reshen kamfanin Take-Two, ta fitar da All-Pro Football 2K8 a 2007 da tsofaffin 'yan wasan da suka yi ritaya da ƙungiyoyin ƙirƙira, amma bai samu kasuwar da za ta sa a yi na biyu ba. Bambancin shi ne ƙwallon ƙafa tana da gasanni da ƙasashe masu yawa da za a raba lasisinsu, ita kuwa ƙwallon Amurka ta ƙwararru babbar gasarta ɗaya ce mai ƙungiyoyi 32, wanda ya riƙe ta ya riƙe kasuwar baki ɗaya. Har ƙara wasu masu saye suka kai EA a kan wannan kaka-gida, aka sasanta a 2012 kan dala miliyan 27, amma lasisin NFL bai motsa ba.

Idan aka tace ƙorafin masu wasan, aka ware zagi da barkwanci, mafi nauyinsa yana kan sashen da ake kira Franchise, inda mutum yake riƙe ƙungiya shekara da shekaru, yana sayen 'yan wasa, yana zaɓo matasa daga jami'o'i, yana sabunta kwantiragi. A zamanin PlayStation 2 wannan sashe ya yi zurfi sosai. A Madden NFL 2004 kana iya zama mai ƙungiya, ka tsayar da kuɗin tikiti da na abincin da ake sayarwa a fili, har ka kwashe ƙungiyar ka mayar da ita wani birni. A na 2005 an ƙara jaridu da shirin rediyo na Tony Bruno da ke sharhi kan abin da ke faruwa a gasarka. Da aka koma Xbox 360 da Madden NFL 06, sai aka zubar da yawancin waɗannan abubuwa, aka riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru ana tallata su kamar sababbi. Babu abin da ke ƙona ran tsohon mai wasa kamar a sayar masa da abin da ya riga ya mallaka shekara goma sha biyar da suka wuce, kuma a ce masa ci gaba ne.

Masu wasan suna ɗora laifin wannan sakaci a kan Madden Ultimate Team, wanda aka shigo da shi a zamanin Madden NFL 10, inda ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa, kuma ana iya sayen ƙunshin katunan da kuɗi ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Duk wanda ya san Ultimate Team na FIFA ya san tsarin. A shekarar kuɗi ta 2021, EA ta bayyana cewa sassan Ultimate Team na wasanninta sun kawo mata dala biliyan 1.62, kodayake kaso mafi tsoka daga FIFA ya fito. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane inda hankalin kamfani zai karkata, tsakanin sashen da ke kawo kuɗi kowane mako da sashen da mutum zai biya sau ɗaya ya yi ta bugawa har shekara ta zagayo. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba don ya bi riba, sai dai a kasuwar da ke da kishiya, wanda aka yi wa sakaci yana da inda zai koma, a nan kuwa babu.

Fushin ya kai ƙololuwa a 2020. Da EA ta sanar da abubuwan da ke cikin Madden NFL 21, mai hoton ɗan wasa Lamar Jackson a bango, aka ga kusan babu wani sabon abu a Franchise, sai maudu'in #FixMaddenFranchise ya mamaye Twitter, bayan fitowar wasan kuma aka bi shi da #NFLDropEA, ana kira ga hukumar ta rabu da kamfanin. A Metacritic, shafin da ake tattara makin wasanni, makin da masu wasa suka ba shi bai kai ɗaya cikin goma ba, yana cikin mafi ƙasƙanci da aka taɓa gani, alhali masu sharhi na jaridu sun ba shi sittin da 'yan kai cikin ɗari.

A nan ne nake rabuwa da wasu daga cikin masu ƙorafin. Wasan da ya cancanci sifili shi ne wanda ba ya buɗuwa ko ba ya buguwa, kuma Madden NFL 21 bai kai nan ba. Wannan maki zanga-zanga ce, ba awon inganci ba, kuma wanda ya ɗauke shi a matsayin awo zai yaudari kansa. Haka nan akwai son zuciya a yadda ake tuna NFL 2K5, domin ƙuruciya tana ƙara wa komai armashi, kuma shi ma yana da nasa kurakuran. Ya kamata kuma a yi adalci game da wahalar aikin: a kowane bugu mutum ashirin da biyu ne suke karo da juna, kowanne da aikin da aka ba shi, kuma ana so a gama sabon wasa cikin ƙasa da shekara guda. Duk da haka, ƙorafin da ake yi kan yadda wasan ke gudana gaskiya ne. Sau da yawa da zarar 'yan wasa biyu sun haɗu sai wani motsi da aka riga aka tsara ya karɓe iko, sakamakon ya fita daga hannun mai riƙe da abin bugawa, ko ka ga mai tsaron baya ya juyo ya cafke ƙwallon da ba ta yiwuwa a ce ya gan ta. An koma injin Frostbite, wato manhajar da ake gina wasan a kanta, a Madden NFL 18, an zo da sabon tsarin motsin 'yan wasa mai suna FieldSENSE a na 23, an zo da wani mai suna BOOM Tech a na 25, kowanne da alkawarin magance wannan, kuma kowanne ya rage wani abu ya bar wani.

Zanga-zangar ba ta tafi a banza ba, tunda a Madden NFL 22 an ƙara tsarin ɗaukar mataimakan koci da shirin dabarun mako, sannan aka gyara yadda ake leƙen matasan 'yan wasa bayan fitowarsa. To amma a ƙarshen Disambar 2022, daidai lokacin cika shekara guda da rasuwar John Madden, kuma a wasan da ke ɗauke da hotonsa a bango, wata matsala a rumbun ajiyar EA ta lalata gasannin Franchise na waɗanda suka shiga a wasu sa'o'i, kamfanin kuma ya amsa cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda abin ya shafa ba za su dawo ba. Akwai abokan da suka yi watanni suna buga gasa ɗaya tare, kowa da ƙungiyarsa, suka wayi gari babu komai. Irin wannan ne yake sa ko an yi gyara na gaskiya mutane su ƙi yarda.

Su ma 'yan ƙwallon NFL na zahiri suna da nasu ƙorafin, sai dai nasu na daban ne, domin kusan duk a kan makin da aka ba su ne. Kowace shekara za ka ji wani yana cewa an rage masa gudu ko an raina ƙarfinsa, waɗanda suka samu 99 kuma a yi ta taya su murna kamar sun ci kofi. Wannan ƙorafi talla ce kyauta ga kamfanin, kuma ba ya cikin abin da nake magana a kai.

Abin da ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina shi ne fitowar EA Sports College Football 25 a watan Yulin 2024, wasan ƙwallon jami'o'i da aka dakatar tun bayan NCAA Football 14 saboda shari'o'in amfani da kamannin ɗalibai ba tare da biyansu ba. Kamfani ɗaya ne, inji ɗaya ne, a Orlando ta jihar Florida ake yin su duka, amma masu wasa da yawa suka ce ya fi Madden daɗin bugawa da sauri da kuma ruhin filin wasa, ga makarantu 134 kowacce da al'adunta da kaɗe-kaɗenta. Ya yi kasuwa fiye da Madden na shekarar a Amurka. Wannan ya nuna cewa gwanintar tana nan, kuma idan aka ba ma'aikatan shekaru suna aiki, aka kuma san cewa dole sai an burge mutanen da suka yi shekara goma sha ɗaya suna jira, ana iya fitar da abin kirki. Abin dariyar shi ne kishiya mai ƙarfi da Madden ya samu a wannan karon daga cikin gidansu ta fito, kuma kamfanin ya haɗa su biyun a ƙunshi ɗaya yana sayarwa.

Saboda haka idan wani ya tambaye ni ko Madden wasa ne mai kyau, amsata ta danganta da wanda ya yi tambayar. Wanda bai taɓa bugawa ba, ko ya yi shekara huɗu ko biyar rabonsa da shi, zai same shi da kyau, zai kuma koyi dokokin wannan wasa mai sarƙaƙiya fiye da yadda zai koya a talabijin. Wanda kuwa yake biyan kusan dala saba'in kowane Agusta, shi ne ya fi kowa ganin cewa bambancin bana da bara bai kai kuɗin ba, kuma shi ne ya fi kowa ƙorafi, sannan shi ne dai yake sake biya, yana cewa da babu gara ba daɗi. Na fi ganin hikimar waɗanda suke tsallake shekara biyu ko uku, ko su jira farashi ya faɗi wajen ƙarshen kakar wasa, da kuma ɗan rukunin nan da har yanzu suke zaune suna sabunta sunayen 'yan wasa a cikin NFL 2K5 da hannunsu, suna buga kakar bana a wasan da aka yi a 2004.