Sarkin fim ko gyambo ya ci ƙafarsa tsaf-tsaf yake mutuwa

Ni fa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya da finafinan tarihin nan masu dogon zango shi ne yadda suke wanke ciwo tas kafin su nuna mana shi. Sarki zai yi tari sau biyu a farin hankici, a hasko ɗan jini, a sa kiɗa mai sanyi, shi kenan sai gawa, gemu a taje fuska na sheƙi. Haba jama'a. Duk wanda ya taɓa jinya ya san ba haka abin yake ba, ni na yi jinyar mahaifina wata bakwai, na san juya mutum da tsakar dare, na san sauya leda da zanin gado, na san kunu a cokali yana dawowa ta gefen baki, da kunyar da ke kama dattijo idan ɗan cikinsa ne zai riƙe shi zuwa bayi.

Ku duba The Tudors da aka haska daga 2007 zuwa 2010 kan Sarki Henry na 8 na Ingila. Mutumin nan ya faɗo daga kan doki a 1536, daga nan gyambon ƙafarsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kullum cikin mugunya da wari, ya yi ƙibar da ƙugun sulkensa na ƙarshe ya haura inci 50, har sai da ta kai a kujera ake ɗaukarsa cikin fada kafin ya mutu a 1547 yana da shekara 55. A fim kuwa Jonathan Rhys Meyers aka ba furfura da ɗingishi da shaƙaƙƙiyar murya, sun nuna ciwon ƙafar kam, amma jikin nan na saurayi yana nan daram. To a waɗannan shekarun ne fa aka sare kan babban ministan sarkin, Thomas Cromwell, a 1540 da matar sarkin Catherine Howard a 1542, mutumin da zugin ƙafa ke hana barci shi ke yanke wa mutane hukuncin kisa, in ka rage ciwon ai ka rage tarihin ne.

Wasu za su ce nishaɗi ne, wa zai zauna kallon mugunya? Ban yarda ba, don The Crown, mai ba da labarin gidan sarautar Ingila, ta gwada kuma mutane sun kalla. Da tarin jinin Sarki George na 6 a banɗaki aka buɗe ta, aka nuna tiyatar da aka yi masa cikin fadar Buckingham a 1951 aka cire huhunsa na hagu saboda cutar daji, ga sigari bai bar hannunsa ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ake shafa masa kwalliya a kumatu don kar Firayim Minista Churchill ya ga yadda ya ɗashe, su kuma likitoci suna ta kewaye-kewaye sun ƙi kiran sunan cutar. Ya rasu 6 ga Fabrairu 1952 yana da shekara 56.

Wannan ɓoye-ɓoyen mun san shi a nan, ana ce maka "da sauƙi" alhali mutum ko zama ba ya iya yi. Mun ga lokacin marigayi 'Yar'aduwa, an fita da shi Saudiyya a Nuwamban 2009, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010, ƙasa ba ta sake ganin fuskarsa ba har Allah Ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu.