Idan Tarihi Za Ka Nuna wa Yara a Abuja, Ka Fara Tsayawa a Suleja

Shekara biyu da suka wuce na tafka wani kuskure da har yau babbar 'yata take yi min gori a kansa. Lokacin dogon hutu ne, na kwashe su su uku da mahaifiyarsu daga Zariya, muka yi kwana huɗu a gidan ƙanena a Abuja. Me muka yi? Babban kanti, lilo, askirim, hoto a bakin tafkin Jabi, washegari kuma wani kantin. Ƙananan biyu bakinsu har kunne. Ita kuwa wannan yarinya, wadda tun tana aji huɗu take jero sunayen sarakunan Zazzau kamar mai biya allo, muna hanyar dawowa, daidai Tafa, sai ta ce, "Baba, to ina tarihin?" Na ce mata Abuja sabon gari ne, ba shi da wani tarihi, in tarihi take so ga ganuwar Zazzau nan a ƙofar gida. Ta yi shiru ta juya tana kallon taga. Amsar malalaci na ba ta, kuma ba gaskiya ba ce.

Bana za mu koma in Allah ya yarda, kuma wannan karon na zauna na yi shiri. Abin da shirin ya koya min shi nake son faɗa wa iyaye irina: tarihin Abuja yana nan jingim, sai dai ba a tara shi a ɗaki ɗaya an sa mai gadi da tikiti ba. A warwatse yake, rabinsa ma a wajen birnin. Duk wanda ya shige tsakiyar gari kai tsaye ya riga ya baro shi a baya, a gefen titi, bai sani ba.

Ku ciro naira ashirin daga aljihu, in har yanzu ana samunta a aljihun wani. A gaba Janar Murtala Muhammad ne, wanda ya sanar da 'yan Najeriya ranar 3 ga Fabrairun 1976 cewa za a ɗauke babban birni daga Legas. Kwana goma bayan nan aka kashe shi, ko bulo ɗaya bai ga an aza ba. A baya kuma wata mata ce zaune tana gina tukunya, Ladi Kwali, 'yar ƙauyen Kwali da ke cikin yankin babban birnin a yau. Mutumin da ya yanke hukunci a fuska ɗaya, 'yar ƙasar da aka yanke hukuncin a kanta a ɗaya fuskar. Da wannan takarda na fara wa yarana darasi a tsakar gida, kowa na ba shi tasa, na ce a adana, ranar tafiya za mu je neman mutanen nan biyu. Autana dai ya sayi alewa da tasa tun a ranar, sai da na sake masa wata.

To me ya sa na ce Suleja? Domin ita ce Abuja ta asali. Mu Zagezagi ya kamata mu fi kowa sanin wannan, amma da yawanmu ba mu sani ba. Lokacin da jihadi ya iso Zazzau, Malam Musa ya karɓi gari, Sarki Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya zauna wajajen Zuba yana ta yaƙe-yaƙe har aka kashe shi kusa da Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, ya gaje shi, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Shekara kusan ɗari da hamsin wannan gari yana amsa sunan Abuja. Da gwamnati ta zo neman sunan da za ta sa wa sabon birni, sai garin ya sakar mata nasa, ya koma Suleja, daga sunan sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944. Har gobe Sarkin Zazzau ake ce wa sarkin Suleja. Ranar da na faɗa wa 'yata haka, sai da ta ajiye cokali. "Baba, kana nufin Sarkin Zazzau biyu ne?" Na ce ƙwarai, kuma za ki je ki ga ƙofar fadar na biyun da idonki.

Yaro mai son tarihi irin wannan yake nema, abin da zai girgiza abin da yake zaton ya sani. Dogon gini ba ya yi masa haka.

Watan jiya wani aiki ya kai ni can, na yi amfani da damar na zaga wuraren ni kaɗai kafin in ɗebo iyali. Wannan shawara ce da zan ba kowane uba in da hali, domin ta cece ni daga kunya. Akwai wani ginin gwamnati da aka ce min suna da ɗakin nune-nunen kayan tarihi. Na je da rana tsaka, mai gadi ya dube ni sama da ƙasa ya ce sai da takarda, a rubuto, a kawo, a jira amsa. Na ce yara uku ne kawai da uwarsu. Ya ce ko yaro ɗaya ne. Ku ɗauka da ina tare da su a mota, an sha wanka, an yi ta ɗoki tun asuba. Yanzu na rubuta takardar, muna jira. Ita ma Majalisar Tarayya, in kana son yara su shiga su ga zauren, ta hanyar takarda ake bi, kamar yadda makarantu ke yi. Kuma a gargaɗi yara tun daga gida: unguwar da Majalisa da Kotun Ƙoli da Fadar Shugaban Ƙasa suke ba wurin ɗaga waya a yi ta ɗaukar hoto ba ne.

A wannan zagayen ne na je Ushafa, ta wajen Bwari, ƙauyen magina tukwane da shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Na tsaya kan wata dattijuwa tana aiki. Ba injin juyi, ba komai. Curin yumɓu ta ɗora, ta luma hannu a tsakiya, sai ita take zagaya tukunyar da ƙafa, a sunkuye, tana jan bangon sama, tana ƙara nadin yumɓu, tana shafewa da ɗan tsumma mai ruwa. Kafin in gama amsa waya ɗaya, wuyan tulu ya fito. Haka Ladi Kwali ta koya a hannun gwaggonta tun tana yarinya. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarki Sulaimanu Barau, ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. Tukwanenta masu zanen kunama da ƙadangare da kifi da kada sun je Landan, ita ma ta je ta gina a gaban Turawa suna kallo. Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan garinmu ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1984. Na riga na yi magana da matan Ushafa, sun ce in kawo yaran su taɓa yumɓu. Uwargida ta ce to a tafi da tsofaffin kaya, ba ita za ta wanke shadda ba.

Akwai wata magana mai ɗan ɗaci da nake ganin dole a faɗa wa yara a wannan tafiya. Filin da aka gina Abuja ba daji ba ne da babu kowa. Gbagyi suna nan, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. In kun taho ta hanyar Kaduna za ku wuce wani gari Sabon Wuse. Ku tsaya ku tambayi yaro: in wannan ne sabo, ina tsohon? Tsohon shi ne inda kasuwar Wuse da manyan benaye suke yanzu, mutanensa aka kwaso aka kawo nan. Mu Hausawa kuma muna da wani hali, mun mayar da sunan Gwari abin zolaya, wanda Hausarsa ba ta nuna ba mu ce yana gwaranci. Na gaya wa nawa cewa a ƙasar mutanen nan za mu kwana, sunan da suke kiran kansu shi ne Gbagyi, kuma duk wanda na ji ya yi dariya don ya ga mace ta ɗauko kaya a kafaɗa maimakon ka, shi da askirim sai mun dawo Zariya.

Dutsen Zuma ba ya buƙatar dogon bayani, yana bakin hanya kusa da Madalla, kuma a jihar Neja yake, ba a Abuja ba, ko da yake kowa da Abuja yake haɗa shi. A faka nesa da titi, a bar yara su nemo fuskar mutum da ke jikinsa, a nuna musu shi a bayan tsohuwar naira ɗari. Minti ashirin ya isa. In lokacin hunturu ne ku sani hazo kan rufe shi, in damina ce kuma ruwa kan kore ku.

Cikin birnin kansa, littafin tarihin da ya fi kowane girma kyauta ne, sunayen tituna. Wannan wasan ɗana na tsakiya ne ya ƙirƙiro shi da na nuna masa taswira a waya: duk allon titi da aka wuce, wanda ya fara faɗin ko wane ne mai sunan ya ci maki ɗaya. Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari ba wuya. Aminu Kano a Wuse ma haka. Amma Herbert Macaulay fa? Adetokunbo Ademola fa? In kuka shiga Asokoro sai Afirka gaba ɗaya ta buɗe, ga Kwame Nkrumah, ga Julius Nyerere, ga Thomas Sankara, ga Haile Selassie. Maitama kuma koguna ne, Nilu da Amazon da Misisifi. Ni kaina na faɗi jarrabawar a wurare da dama, shi ya sa nake bitar dare a ɓoye. Ranar Lahadi da safe ta fi dacewa da wannan yawo, tituna fayau, kana iya rage gudu ba mai danna maka ham. Daga nan a biya Dandalin Eagle, inda Janar Abdulsalami ya miƙa wa Obasanjo mulki ranar 29 ga Mayun 1999, a yi azahar a Masallacin Ƙasa mai ƙubbar zinare da hasumiya huɗu, a nuna musu babbar majami'ar ƙasa da ke can tsallake suna kallon juna. Wanda ya zana tsakiyar birnin Bajafane ne, Kenzo Tange. Gwamnati kuma ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disambar 1991, zamanin Babangida, kusan shekara goma sha shida bayan jawabin Murtala.

Na san wasu za su ce wahalar me, in tarihi ne ai ga Gidan Makama a Kano, ga Hubbare a Sakkwato, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Gidan Arewa a Kaduna. Gaskiya ne, kuma mun je wasu daga ciki. Ina ma tare da masu cewa abin kunya ne a ce Jos tana da gidan tarihi tun 1952, Legas tun 1957, amma babban birnin ƙasa har yau ba shi da wanda ya dace da sunansa. Doguwar hasumiyar nan ta kusa da Masallacin Ƙasa, da aka ce za ta zama cibiyar al'adu, ta girmi duka 'ya'yana kuma ba a gama ta ba. Sai dai waɗancan wurare tarihin masarautu suke ba yaro. Yadda aka yi ƙasar da yake riƙe da takardar haihuwarta, wa ya yanke shawara, wa aka tasa daga gonarsa, wa aka sa wa titi wa aka manta, wannan a Abuja ake ganinsa.

Sauran shirin na gida ne. Wuri ɗaya da safe, a dawo a ci abinci a kwanta, in da sauran ƙarfi a fita da la'asar. Na gwada cusa wuri huɗu a yini a kan takarda, uwargida ta karɓi biro ta soke biyu, ta ce yara za mu kai ba 'yan yawon zaɓe ba. Guzuri daga gida, dambun nama da cincin da ruwa, domin abincin Abuja na mutum biyar sau uku a rana sai ya cinye kuɗin mai. Ba tafiyar dare a hanyar Kaduna, ko da wasa. Mu da mota za mu je saboda tsayawar Suleja, amma wanda zai hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa ko Idu, shi ma sai ya ware yini guda ya fito ta Zuba. A kula da cunkoson hanyar Kubwa, da safe masu shiga gari, da yamma masu fita. A ƙofar fada kuma a yi sallama, a gaida dogarai, a nemi izini kafin a ɗaga waya, a riƙe ɗan abin goro. Kowane yaro na saya masa ƙaramin littafi, zai rubuta tambaya uku da yake son a amsa masa kafin mu dawo. Ta farko a littafin babbar ita ce ko mutanen Suleja sun yi nadamar bayar da sunansu. Na ce wannan ba ni zan amsa ba, ta tanadi gaisuwarta ta tambayi dattawan can.

Rana ta huɗu ce har yanzu ba mu daidaita ba. Babbar tana son a koma Ushafa a ɗauko tukunyar da za ta gina, in ta bushe. Na tsakiya yana son Gurara ya ga ruwa na zubowa daga dutse. Auta ya ce shi dai lilo, kuma uwarsa ta goya masa baya, ta ce ita ma tana da kilishin da za ta saya a Area 1.