Ashe ba rai ba ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun watan Nuwamban 2025, lokacin da aka mayar wa Isra'ila gawar wani sojanta mai suna Hadar Goldin. Na ga wasu daga cikinmu suna yaɗa labarin da shewa, har da yi wa mahaifiyarsa dariya. Na yi shiru a lokacin, kuma shirun nan yana damuna har yau.

Yaron shekararsa 23, tagwaye ne shi da ɗan uwansa, an riga an sa masa ranar aure. An kashe shi a Rafah da ke Gaza ranar Juma'a 1 ga Agustan 2014, aka ja gawarsa cikin ramin ƙarƙashin ƙasa. Shekara 11 iyayensa suna fafutuka, uwar har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ta je. Sun san ya mutu. Ƙasusuwansa kawai suke roƙo, su sa a kabari.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Soja ne, da bindiga ya shiga Gaza, kuma ban manta da abin da ya biyo bayan mutuwarsa ba. Wutar da sojojin Isra'ila suka zuba wa Rafah a kwana huɗu daga ranar da aka kashe shi ta ci aƙalla fararen hula 135, a ƙididdigar Amnesty International, 75 daga cikinsu yara ne. Hawayena yana wurinsu, jiya da yau. Amma jin zafin zalunci daban, yi wa uwa dariya a kan gawar ɗanta daban.

Ku duba Bukhari da Muslim. An wuce da gawa ta gaban Manzon Allah (SAW), sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa, ai gawar Bayahude ce. Ya ce: "Ashe ba rai ba ne?" Malamai sun yi saɓani kan ko an shafe hukuncin miƙewar daga baya, wannan fagensu ne. Ni tambayar ce take girgiza ni, domin wanda ya yi ta ya fi mu sanin rikicin da ke tsakaninsa da wasu ƙabilun Yahudawan Madina. Shi ne kuma idan zai tura runduna yake yi musu wasiyya kada su yi ha'inci, kada su wulaƙanta gawa, kada su kashe yaro. Allah Ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta ɗauke mu a kan barin adalci. A surar nan dai ne hankaka ya tono ƙasa ya koya wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan uwansa.

Wannan ma'aunin ba ya zaɓar gefe. Isra'ila ta daɗe tana riƙe gawarwakin Falasɗinawa, wasu a firji, wasu a maƙabartun da babu suna a kan kabari sai lamba. A yarjejeniyar tsagaita wuta ta Oktoban 2025, duk gawa ɗaya da aka miƙa mata tana mayar da 15. Aka riƙa kawo su asibitin Nasser da ke Khan Yunis a cikin jakunkuna, yawancinsu ba suna. Iyaye mata suka zauna gaban allo ana nuna musu hotuna ɗaya bayan ɗaya, wata tana neman tabon da ta sani a jikin ɗanta, wata tana neman rigar da ya fita da ita. Waɗanda ba a gane ba aka binne su tare a Deir al-Balah.

Mahaifiyar Goldin ta samu kabarin da za ta riƙa zuwa a garin Kfar Saba na Isra'ila. Waccan da ke zaune gaban allo har yanzu tana jira. Ya Allah, Ka sa ta gane nata.